Kwandon Malam Mika'ilu

Ƙanena Zulkiflu, in abu ya shiga kansa, to sai dai a yi haƙuri. Tun yana rarrafe haka yake, ni na goye shi, don haka in na faɗa a yarda kawai. Yana da kantin kayan masarufi a nan Tudun Wada, a ƙofar gidanmu na gado: shinkafa, wake, gari, manja, sukari, sabulu, ga su tumatur da albasa a waje. Ni kuwa tun da maigidana ya rasu na dawo gida, na kafa keken ɗinkina a zauren da ke jikin kantin. Taga ɗaya ce tsakaninmu, duk abin da aka yi a kantin nan a kunnena ake yi. Ishatu mai keke, in ka tambaya a layinmu za a nuna maka.

Daminar bara aka sheƙa wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwatar da ke gaban kanti ta toshe, ruwa ya rasa hanya ya shigo mana. Sukari da gishiri suka narke a buhu, fulawa ta koma kunu. Da ruwan ya ɗauke, Zulkiflu ya naɗe wando ya shiga kwatar da shebur. Me zai fito da shi? Leda. Baƙa, fara, ta ruwan sha, tsibi guda har gwiwa. Ya riƙe ƙugu ya tsaya yana kallonta.

"Yaya, wannan fa tamu ce," in ji shi. "Da hannuna na ƙulla wa mutane ita."

"To sai ka je ka kai kanka ƙara wurin mai unguwa."

Bai yi dariya ba. Nan na san akwai magana.

Ba a jima ba ya kafa doka, wai daga ƙarshen wata babu leda a kantinsa. Mai sayen mai ya zo da kwalbarsa, mai shinkafa ya zo da kwanonsa. Tumatur ɗin da ya fara laushi, wanda a da ake watsawa a kwata, yanzu a yanka a shanya ya zama kauɗa. Ganyen kabeji da ɓawon albasa a tara wa wani maƙwabcinmu mai kiwon tumaki. Kwali a ninke a ajiye, buhun da aka juye a kakkaɓe a jera a lungu. Na ce masa haukan nan ya yi yawa, mutane za su gudu kantin gaba. Amma maganar gaskiya, ƙofar gidanmu ta yi fes, ƙudaje suka ragu, warin kwata ya daina hana ni cin abinci. Ban dai gaya masa ba, kada kansa ya ƙara girma.

To yanzu bari in gaya muku wane ne Malam Mika'ilu, don labarin nasa ne. Tsohon malamin firamare ne. Shi ya koya mini rubuta sunana, shi ya koya wa Zulkiflu, rabin layinmu sun sha bulalarsa kuma suna gode masa. Allah bai bar masa ɗa ko ɗaya a raye ba, daga shi sai matarsa Inna Tayyiba. Fansho kuwa sai ta ga dama take zuwa. Babbar rigarsa ɗaya ce, fara, amma ban taɓa ganinta ba guga ba.

Kullum bayan la'asar zai zo ya zauna a bencin ƙofar kanti. Ya miƙa wa Zulkiflu hannu su gaisa, ɗan kuɗin da ke tafinsa ya wuce cikin musabahar, ba wanda ya gani. Bai taɓa buɗe baki ya ce a ba shi kaza ba. Zulkiflu zai shiga ciki ya auno abin da ya sawwaƙa, gwangwanin shinkafa ne, ɗan wake ne, ya ɗan ƙara a kai, ya ƙulle a baƙar leda ya ajiye a gefen benci. Su yi ta hirar duniya, ni ma in sa baki ta taga. Kafin magariba Malam ya ɗauki ledarsa ya bi ta gaban majalisar dattawa da ke bakin masallaci, don nan ce hanyar gidansa.

"Malam, an yi cefane?"

"An yi, alhamdu lillahi."

Nama ne a ciki, garin kwaki ne, ba wanda ya sani. Da wannan baƙar leda dattijon nan yake wucewa da girmansa.

Ana gab da fara dokar nan 'yata Rauda ta haihu a Hanwa, na tattara na tafi yi mata wankan jego. Can na yi zamana har aka yi arba'in. Ranar da zan dawo na tari napep, muna zuwa Kwangila sai na hango farar babbar riga a bakin titi. Mutum ne zaune a kan dakalin wani shago da aka rufe, yana murza gwiwa. Malam ne. Na ce wa mai napep ya tsaya.

"Malam! Kai ne a nan? Ina wuni?"

Ya ɗago, ya gane ni, ya yi murmushi. Amma kafin murmushin na ga hannunsa ya ja wata baƙar leda ya tura ta cikin hannun riga.

"A'a, Ishatu. An dawo? Ya mai jego, ya jaririn?"

"Lafiya ƙalau suke. Malam, taso mu tafi, ai hanyarmu ɗaya."

"Ki je, Allah ya yi miki albarka. Akwai wanda nake jira."

Ba wanda yake jira. Takalminsa ya yi futu-futu, ana gani an san a ƙasa ya zo, kuma a ƙasa zai koma. Daga Tudun Wada zuwa Kwangila fa, ga tsufa ga ciwon gwiwa! Na so in yi masa gardama, amma wa ya isa ya yi wa Malam gardama? Na koma napep, na ja mayafi na rufe fuska, raina duk a dagule.

Ina isa gida ko jakata ban ajiye ba na faɗa kanti.

"Kai Zulkiflu, me ya kai Malam Kwangila?"

"Kwangila kuma? Malam ai yana gida, gwiwa ta matsa masa. Na je gaishe shi, ya ce in ya ji sauƙi zai fito. Har kaya na aika musu, Inna ta dawo da su, ta ce suna da komai."

"Tun yaushe rabonsa da bencin nan?"

Sai ya hau ba ni labari, har da murnarsa. Wai ya je wani ƙauye ta wajen Dutsen Abba, ya sa mata sun saƙa masa kwandunan kaba manya-manya masu hannu, don abokan cinikinsa na kullum. Ranar rabo ya tara mutanen layi, ya zaɓi wanda ya fi girma da kyau, ya cika shi taf da kaya, ya miƙa wa Malam a gaban kowa. Wai har jawabi ya yi: malamina shi ne na farko, daga yau da wannan zai riƙa cefane, kowa ya yi koyi da shi. Malam ya karɓa, ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa.

"Sai me?" na ce.

"Bayan 'yan kwanaki ya zo da kwandon, na auna masa kamar kullum a ɗan kwano, na sa masa a ciki, ya tafi. Daga nan ne gwiwar ta tashi."

"Kwandon yana da marfi?"

"Marfi kuma? Kwando ne fa, Yaya."

"Ɗan kwano ɗaya a gindin ƙaton kwando, a buɗe, ta gaban majalisa. Zulkiflu, kanka ɗaya kuwa?"

Na ga lokacin da abin ya sauka masa. Ya laluba bayansa ya zauna a kan buhun wake, ya cire hula ya riƙe.

"Inna lillahi. Yaya, wallahi girmama shi na yi nufi."

"Na sani. Shi ma ya sani, shi ya sa bai ce maka komai ba."

Da safe na ɗauki cincin da dubulan na suna na nufi gidan Malam. Ba ya nan. Inna Tayyiba tana tsakar gida tana tsince wata 'yar shinkafa a faifai. Kwandon yana rataye a bangon ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon zane don kada ya yi datti. Muka gaisa, ta yi ta sa wa jariri albarka. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce mata na ga Malam a Kwangila. Ta dakata da tsintar shinkafar.

"Ishatu, ke ɗiyarmu ce, amma kada ki bari ya ji daga bakinki," in ji ta. "Ranar nan da ya biyo ta majalisa, wani ya leƙa kwandon ya ce, Malam, yau kwandon azumi yake yi? Wasa ya yi, aka yi dariya, shi ma ya yi. Da ya shigo gida bai iya cin abincin ba."

"To Inna, kantuna nawa ne a Tudun Wada? Don me sai Kwangila?"

"A nan wane kanti zai shiga ba ɗalibinsa ba? Ya tsaya a gaban yaron da ya koya wa karatu ya ce a ba shi rabin gwangwani? Kuma a ce ya bar kantin Zulkiflu ya koma na maƙwabcinsa, yaron ya ji yaya? Can ba wanda ya san shi."

"Ranar da ƙafar ta ƙi fa?"

Ta yi murmushi tana kallon faifai. "Sai mu ɗauki azumin nafila. Ai lada ne."

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ji tausayinsu, na ji haushin ƙanena, na ji haushin mai leƙa kwandon mutane, duk a lokaci guda. Na yi mata sallama na fito kafin in ɓare baki a tsakar gidan mutane.

Da na gaya wa Zulkiflu, idanunsa suka kaɗa. Ya ce zai sayo leda ya ɓoye don Malam shi kaɗai. Na ce sannu gwani, duk layi da kwando, Malam kaɗai da leda, ka ga ka rubuta masa a goshi ke nan. Ya ce to ya janye dokar gaba ɗaya, kwata ta toshe in ta ga dama, shi dai malaminsa ya dawo. Ikon Allah, sai ga ni, ni da na fi kowa zagin dokar nan, ni ce nake cewa ba za a janye ba.

"Ka janye, ya san saboda shi ka janye, kana jin zai ƙara taka ƙofar nan? Kuma ni ba zan koma cin tuwo da warin kwata ba. Kawo mini buhunan can da ka tara, da kwalayen."

"Me za ki yi da su?"

"Miya zan yi. Kawo mini, ka daina tambaya."

Na yanka buhun shinkafa falle biyu, na sa kwali a tsakani, gindi da gefuna huɗu, na bi da keke. Allura ta karye, na sa wata, ita ma ta karye, na yi ta tsaki har Zulkiflu ya daina leƙowa ta taga. Ta farko ta fito a karkace kamar tsohuwar hula. Ta biyu marfinta ya ƙi rufuwa. Sai da na je kasuwa na samo allurar masu ɗinkin takalmi sannan abin ya miƙe. Na lulluɓe bayanta da wani yadi ruwan ƙasa da ya rage mini na kayan makaranta, na yi mata hannu mai kauri da marfi mai maɓalli. Jaka ce da ke tsayuwa ƙyam da kanta, ko da kaya ko babu.

Da na gama guda biyu na kira shi. Ɗaya na cika ta da wake, ɗaya na jefa mata albasa ƙwaya ɗaya, na rufe na jera su a benci.

"To mai doka, wacce ce mai kaya?"

Ya duba ta nan, ya zaga ya duba ta can, ya nuna mai albasa. Na sheƙe da dariya. Shi kuwa ya juya baya yana goge ido da hannun riga, wai hayaƙi ne ya shige masa.

Muka tsara abin tare. Jaka iri ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya ga kowa, da Alhaji mai mota da mai wankin hula. A cikin kowacce akwai gwangwanayen madarar gari masu marfi da kwalbar mai, duk daga abin da a da muke zubarwa. Kuma a bayan kanta ake zuba kaya, a rufe, sannan a miƙo wa mutum. Kwanduna kuwa muka ce a dawo da su, muna bukatarsu don baje tumatur da albasa, kuma ba ƙarya muka yi ba. Na yi ta ɗinki har bayana ya ƙage. Ban fara kai wa gidan Malam ba, sai da na bi layi gida-gida, sai da jakar nan ta cika unguwa, har 'yan majalisa suna ajiye tasu a gefen tabarma. Sannan na shiga na ba Inna Tayyiba tasu kamar yadda na ba kowa, na karɓo kwandon daga bango. Ta juya jakar, ta buɗe, ta rufe. Sai ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Malam bai zo ba. La'asar ta yi, Zulkiflu ya share benci, magariba ta yi, ya shigar da shi ciki. Haka aka yi ta yi har na fara cewa a raina mun makara, dattijon nan ya tafi ke nan. Wani abin mamaki kuma, wasu mata da suka ɗauke ƙafa tun ranar kwanduna suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da jakarta a rufe. Ashe ba Malam kaɗai ba ne. Zulkiflu in ya ga irin haka sai ya kalle ni ta taga, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Wata ranar Talata ina cikin ɗinkin rigar wata yarinya na ji sallama. Muryar nan ko a mafarki na san ta. Zulkiflu yana auna wa wata wake, mudun ya suɓuce masa, wake ya watse a ƙasa.

"Kai dai har yanzu hannunka ba ya riƙe abu," in ji Malam Mika'ilu.

Ya zauna a benci a hankali, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya ajiye jakarsa a gefe. Ya miƙa hannu suka gaisa. Zulkiflu ya durƙusa har ƙasa ya riƙe hannun da hannu biyu, sannan ya ɗauki jakar ya shige bayan kanta. Da ya dawo da ita a rufe, Malam ya sa yatsa ya danna gefenta. Ba ta lotsa ba. Ya sake dannawa.

"Ishatu."

"Na'am, Malam."

"Ɗinkin nan naki ne?"

"Nawa ne, Malam."

"Layinki ya karkace a nan wajen. Tun kina aji uku nake fama da ke a kan jan layi."

Na yi dariya, hawaye na bin kumatuna, na ce a yi mini afuwa zan gyara. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Suka ɗauko hirarsu daga inda suka ajiye ta, ba wanda ya ambaci gwiwa, ba wanda ya ambaci kwando.

Da magariba ta kawo jiki Malam ya miƙe, ya ɗauki jakarsa, sai ya matso jikin tagata ya rage murya.

"Akwai saura?"

"Jakar? Inna tana son wata ne?"

"A'a. Akwai wani mutum. Mun sha haɗuwa da shi a hanyar Kwangila, ya kau da kai, ni ma in kau da kai. Ƙafarsa ta fi tawa lalacewa."

Guda ɗaya ta rage, ita ce ta ƙarshe da na ɗinka, baƙin zare ya ƙare mini sai na ƙarasa hannunta da ja. Na miƙa masa ta taga. Ya karɓa, ya haɗa su biyu a hannu ɗaya, ya bi ta gaban majalisa kansa a sama. Ina jiyo su suna tambayarsa ko an yi cefane, yana amsa musu.

Bayan kwana biyu, da hantsi, lokacin da layi ya yi shiru, wani dattijo ya tsaya a ƙofar kanti yana dogara sanda. A hannunsa akwai jaka ruwan ƙasa mai jan zare a hannu. Na ɗaga kai na ga fuskarsa, nan take na gane shi. Mutum ne da a da sai an yi layi a zaurensa kafin a gan shi, wanda har yanzu in ya wuce ake tashi tsaye. Sunansa kuwa ba za ku ji shi a bakina ba.

Ya miƙa wa Zulkiflu hannu suka gaisa, Zulkiflu ya karɓi jakar ya shige ciki. Dattijon ya juyo wajen tagata yana duba ko akwai mai kallonsa. Na sunkuyar da kai na hau taka keke da ƙarfi. Babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allura, amma ban daina takawa ba sai da na ji ƙarar sandarsa ta yi nisa.